Na latsa darasi na biyu, sai farin shafi ya fito

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. An raba mana kwas na horar da malamai a filashi, aka ce ba ya buƙatar intanet. Shafin farko na buɗewa lafiya, amma da na latsa darasi na biyu sai farin shafi da rubutun ERR_FILE_NOT_FOUND. A kwamfutar wanda ya ba mu kuwa komai na tafiya. Ko tawa ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Irin wannan kwas tarin fayiloli ne, wani lokaci ɗaruruwa, kowane a foldarsa. Mahaɗin da kika latsa kwatance ne kawai da ke gaya wa burauza inda darasi na biyu yake. Ta bi kwatancen, ba ta tarar da kowa a gida ba.

Fara da abin da ya fi kama mutane: a cikin zip kwas ɗin yake, wato fayil guda da aka matse sauran fayiloli a cikinsa? Windows kan bar ki ki leƙa cikin zip kamar folda, amma in kika buɗe index.html, wato shafin farko, daga nan, shi kaɗai take fitarwa, sauran na ƙunshe. Latsa maɓallin dama na linzami a kan zip ɗin, ki zaɓi Extract All, sannan ki buɗe daga sabuwar foldar. Ki ajiye ta a gajeren adireshi kamar C:\kwas, domin Windows a tsarinta na asali tana rikicewa in adireshin fayil ya wuce haruffa 260.

In abin bai gyaru ba, ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗin ba tare da kin latsa ba, ki dubi ƙasan burauza ta hagu. Adireshin zai bayyana. In ya nuna C:/Users da sunan wani, ko D: alhali filashinki a E: ya fito, to mai haɗa kwas ɗin ne ya yi kwatance da ɗakinsa. Kamar a ce miki "kofin na kan teburina", ke kuwa kina wani gari. In kuma da https ya fara, wannan ɓangaren a intanet yake, ba a taɓa sauke shi ba. Duka biyun mai haɗa kwas ɗin ne zai gyara. Ni dai a ganina, duk wanda ya raba kwas bai gwada shi a wata kwamfuta ba, da intanet a kashe, bai gama aikinsa ba.

Sai namu na Hausawa. Kada ki canja sunan folda ko fayil don ki "tsara" su, kuma masu haɗa darussa su guji ƙ, ɗ da ɓ a sunan fayil. Wasu manhajojin zip na mayar da su wata alama ta daban, "ƙarshe.html" ya zama abin da mahaɗi bai sani ba. A cikin darasi a rubuta Hausa yadda take, sunan fayil kuwa a bar shi karshe.html.

Tambaya: Malam, abokina ya turo min shafin kwas ta WhatsApp, amma a waya ba hoto, ba abin da ke latsuwa.

Amsa: Shafi ɗaya ya turo maka, ya bar 'yan uwansa. Ya turo zip ɗin gaba ɗaya. Ko hakan ma, Android kan miƙa wa Chrome fayil ɗin da ka taɓa shi kaɗai, ba ta ba shi izinin ganin maƙwabtansa. In kwas ɗin na dandalin koyarwa ne irin Moodle ko Kolibri, yi amfani da manhajarsu. In ba haka ba, nemi kwamfuta.

Tambaya: Ina kula da ɗakin kwamfuta na wata sakandare a Maraɗi. Fayiloli duk suna nan, amma darasi sai juyawa yake, wasu kuma baƙin akwati kawai.

Amsa: Malam, leƙa foldar. In ka ga fayiloli masu ƙarewa da .swf, Flash ne, tsohuwar fasahar nuna hotuna masu motsi a burauza, wadda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a ƙarshen 2020, burauzoji ma suka cire ta. Ruffle, wata manhaja mai kwaikwayon Flash, na iya tayar da wasu, ba duka ba.

Mai juyawa kuwa, galibi burauza ce ke hana shafin da aka buɗe kai tsaye daga faifai ya karanto wasu fayiloli, saboda tsaro. In da manhajar Python a kwamfutar, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar kwas, ka rubuta python -m http.server 8000, sannan ka shiga localhost:8000 a burauza. Ba ya cin data ko kaɗan.

Amma in ka ga imsmanifest.xml, galibi ƙunshin SCORM ne, wato wani tsarin haɗa darussan kwamfuta, an gina shi ya riƙa kai rahoton maki ga dandali irin Moodle, kuma wasu kan tsaya cik in ba su same shi ba. Sai ka ɗora shi a Moodle. In sabar taku, wato kwamfutar da ke raba wa sauran darussa, tsarin Linux take amfani da shi maimakon Windows, ka lura da manyan haruffa: a wurinta Darasi2.html da darasi2.html fayiloli biyu ne, alhali Windows na ɗaukar su ɗaya.