Shin dasa itatuwa zai hana rafi cin gaɓarsa?

Tambaya: Malam, rafin da ya ratsa gefen gonata yana cin gaɓa duk damina, har ya kwashe kunyoyi da dama. Wasu sun ce in jera duwatsu in zuba siminti, wasu kuma sun ce in dasa itatuwa. Shin da gaske tsiro yana iya tsare ƙasa daga ruwa mai gudu? Daga wani manomi mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Malam, tsiro yana iyawa, har ma yakan sauya kamannin rafi gaba ɗaya, amma yana da iyakar da ya kamata ka sani kafin ka kashe ƙarfinka.

Aikinsa biyu ne. Saiwoyi, musamman ƙanana masu kama da gashi, suna ɗinke ƙasar gaɓa ta yadda ruwa ba zai ɓantare ta cikin sauƙi ba, su kuma kara da ganyen da ke sama suna rage wa ruwa gudu, don haka lakar da ya ɗauko sai ta kwanta a gindinsu maimakon ta wuce. Masu bincike a Jami'ar Minnesota da ke Amurka sun nuna haka a gwajin da suka wallafa a 2007: sun saki ruwa a kan yashi ya rarrabu hanya-hanya, da suka shuka ciyawar alfalfa ta kama, sai ruwan ya tattaru a hanya guda mai zurfi da lanƙwasa.

Iyakar kuwa ita ce zurfin saiwa. Idan ka tsaya a bakin lanƙwasar waje, inda ruwa ya fi bugu, za ka ga yana rarake gaɓar daga ƙasa, saiwoyi na reto a iska, har saman ya rufta da itacen da ke kansa. Inda gaɓa ta yi tsayi kuma ta miƙe kamar bango, dashe a samanta ɓata lokaci ne. Sai an fara sassabe ta ta kwanta, a kare gindinta da duwatsu ko damin rassa da aka kafe da turaku, sannan a dasa ciyawa mai dogon saiwa irin su jema kusa da ruwa, ƙananan itatuwa a bayanta, manya kuma can nesa. A killace wurin daga dabbobi har tsiron ya kafu, domin kofato yana rusa gaɓa fiye da yadda mutane suke zato.

Akwai abin da yakan ba masu dashe mamaki. A ƙananan rafuka, gaɓar ciyawa ta fi matse hanyar ruwa, kuma idan itatuwa suka girma inuwarsu ta kashe ciyawar, rafin yakan ɗan faɗaɗa. Wannan ba lalacewa ba ce, domin inuwar tana sanyaya ruwa, kututturan da suka faɗa ciki kuma suna haƙa gurbi mai zurfi inda kifi ke fakewa. Shi ya sa masu farfaɗo da rafuka a yau suke mayar da itacen da a da ake kwashewa da sunan tsafta. Sai dai a guji tsiro mai mamaya irin kachalla, wadda takan toshe hanya inda ruwa ya kwanta, ta tura ambaliya cikin gonaki.

Siminti ba na ba ka shawararsa sai inda akwai gini ko gada, saboda yana ƙara wa ruwa gudu, ɓarnar ta koma kan maƙwabcinka na ƙasa. Ka bar wa rafin ɗan fili a gefensa ba tare da noma ba, ka yi dashen da farkon damina, ka kuma riƙa dubawa bayan kowane babban ruwa domin cike inda ya tuge.