Wuri da asalin mutum a adabin bayan mulkin mallaka, da irin tambayar da ke sa ɗalibi magana

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci da adabi a sakandare. Littattafan marubutan Afirka da muke karantawa cike suke da bayanin ƙauyuka, koguna da ɗakuna, amma ɗalibaina kan tsallake waɗannan shafuka su nemi inda labari ya ci gaba. Mene ne amfanin wannan bayani, kuma wace irin tambaya zan yi musu da za ta fi ƙarfin amsar e ko a'a?

Amsa: Malama, shafukan da suke tsallakewa sau da yawa nan ne marubucin ya ajiye zancensa mafi nauyi, domin mulkin mallaka tun farko al'amarin ƙasa ne: wa zai zauna a ina, wa zai shiga, kuma wa za a tsayar a bakin ƙofa. Frantz Fanon, marubucin da ya yi nazarin mulkin mallaka, ya bayyana a 1961 cewa duniyar mallaka rababbiya ce gida biyu, kuma bariki da ofishin 'yan sanda su ne alamar iyakarta. Ɗalibanki sun san wannan tsari ko da ba su karanta shi ba, tunda dokar birane ta 1917 a zamanin Lugard ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma har yau ana gane bambancin birni, Sabon Gari da Nasarawa a Kano.

Ki duba Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Da 'yan mishan suka roƙi fili a Mbanta, dattawa suka ba su wani yanki na mugun daji, inda ake binne waɗanda kuturta ko agana ta kashe, ana kuma jefar da tagwaye, da zaton cewa baƙin za su mutu cikin 'yan kwanaki. Ba su mutu ba, sai coci ya tsaya a daidai wurin da al'umma ke zubar da waɗanda ba ta so, kuma irin waɗannan mutane ne suka fi saurin shigarsa. Achebe bai tsaya yin wa'azi kan yadda sabon addinin ya sami gindin zama ba, zaɓin filin ya wadatar. Shi kansa Okonkwo, jarumin littafin, yana ganin wannan sauyi ne daga Mbanta ɗin, garin mahaifiyarsa, inda ya yi shekara bakwai a gudun hijira, wato a wurin da sarautarsa da jarumtarsa ba su da tasiri, kuma da ya koma garinsu Umuofia sai ya tarar da kotu da kurkuku.

Misalin da ya fi burge ni yana cikin littafin Ɗayyib Salih na Sudan, Mausimul Hijra ilash Shimal, na 1966. Mustafa Sa'id ya dawo daga Ingila ya zauna a wani ƙauye a bakin Nilu yana noma kamar kowa, amma a cikin gidansa akwai ɗaki na jan bulo da yake kullewa, mai murhu irin na Ingila a ƙasar da zafi ke gasa mutum, cike da littattafan da babu na Larabci ko ɗaya, har Alƙur'anin da ke ciki fassara ce ta Turanci. Wanda ya fahimci ɗakin nan ya fahimci mutumin. Ngugi wa Thiong'o ma ya gina The River Between na 1965 a kan tuddai biyu, Kameno da Makuyu, da kogin Honia a tsakaninsu, sai dai a ganina misalin Ngugi ya fi fitowa fili, saboda haka ya fi sauƙi ga mai farawa.

Game da tambaya kuwa, masu binciken koyar da harshe sun raba ta iri biyu: wadda malami ya riga ya san amsarta, yana gwajin ɗalibi ne kawai, da wadda yake neman abin da bai sani ba daga bakin ɗalibin. Long da Sato sun nuna a 1983 cewa ta farkon ce ta fi yawa a azuzuwan koyar da Turanci, binciken Brock na 1986 kuma ya nuna cewa ta biyun tana jawo amsoshi masu tsawo da sarƙaƙƙen ginin jimla. Idan kika tambayi inda aka gina cocin, kalma biyu za ki samu. Idan kuwa kika tambayi abin da zai faru da a ce dattawan sun ba da fili kusa da dandalin gari, dole ɗalibi ya ƙulla jimlar sharaɗi, ya kawo dalili, ya yi amfani da kalmomin kusa da nesa, ciki da waje, waɗanda su ne ke yawan ba masu koyo wahala. Tambayar farko ba abar yarwa ba ce, domin da ita ake tabbatar da cewa an karanta, amma share fage kawai take yi.

Sai ki kula da haƙuri bayan tambayar. Mary Budd Rowe ta gano a azuzuwan kimiyya a Amurka cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi kan ƙara tsawo. Wanda ke neman kalma a harshen da ba nasa ba ya fi kowa bukatar wannan jira. Tunda yawancin yaranmu sun taso da jin cewa yawan tambayar babba rashin kunya ne, ki sa su rubuta tambayoyinsu kan wuraren da ke cikin babin, su yi wa juna su biyu-biyu, kafin ki buɗe zancen ga aji baki ɗaya.