Kwafe tsoffin hotunan silaid da kyamara a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu mun tarar da akwati cike da ƙananan hotuna masu kewayen kwali, irin waɗanda ake haskawa a majigi. Za su kai ɗari huɗu, yawancinsu na shekarun 1970, lokacin da yake karatu a Ingila da kuma bayan dawowarsa gida. Ina da kyamarar dijital wadda ake canza mata lensi. Zan iya kwafe su da ita, ko dole sai na sayi sikana? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kyamararka ta isa, kuma da yawan hotunan da kake da su, ita zan zaɓa maka. Sikana mai kyau tana cin mintuna a kan kowane hoto, kyamara kuwa da zarar ka daidaita kayan aiki, ƙiftawa ɗaya ce ka wuce na gaba.

Abin da ke hannunka shi ake kira silaid. Bambancinsa da nagatif shi ne launinsa na ainihi ne, abin da ka gani idan ka ɗaga shi ga haske shi ne hoton, don haka ba ka da wahalar juya launi a kwamfuta. Fim ɗin da ke tsakiya milimita 24 ne a milimita 36, kwalin da ya kewaye shi kuma inci biyu a inci biyu. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba ka fiksel 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Idan ɗan fim ɗin ya cika idon kyamarar, ka kai kusan ɗigo 4000 a kowane inci, wanda shi ne ƙarfin sikanonin Nikon Coolscan da aka daina ƙerawa.

To, a nan gizo ke saƙar: sai fim ɗin ya cika idon kyamarar. Lensin da ake sayar da kyamara da shi ba ya iya matsowa kusa haka. Abin da kake bukata shi ne lensin makro mai 1:1, wato lensin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, wanda ke kawo abu cikin idon kyamara a daidai girmansa. Ba sai sabo ba, tsohon makro wanda ake saita fokas ɗinsa da hannu ya wadatar, domin da hannun za ka yi aikin ko ta yaya. In kuɗi bai kai ba, akwai zobba marasa gilashi da ake sakawa tsakanin kyamara da lensi don a matso kusa. Suna aiki, amma gefunan hoton sukan yi dishi-dishi. Nikon na da ɗan abin riƙe silaid mai suna ES-2 da ake ɗaurawa a bakin lensi, yana sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai ba dole ba ne.

Haske ne na biyu, kuma nan mutane suka fi yin sakaci. Ka nemi faifan fitilar LED mai haske bai ɗaya, ka duba kwalinta ko an rubuta CRI 95 ko sama, wato ma'aunin yadda fitila ke fitar da launuka daidai. Fitilar da ba ta kai haka ba tana cinye wasu launuka, musamman ja, sai ka ga fatar mutane ta fito wani iri, kuma gyara a kwamfuta ba ya dawo da abin da hasken bai fitar ba. Mai amfani da batir ta fi, saboda wutar da ke hawa da sauka takan canza maka haske tsakanin hoto da hoto. Kada ka ɗora silaid kai tsaye a kan fitilar. Ɗaga shi kamar yatsa biyu ko uku sama, don ƙura da tabon da ke jikin fitilar su fita daga fokas. Sannan ka yanka baƙin kwali mai taga daidai girman fim, ka rufe sauran hasken, ka kashe fitilar ɗaki. Hasken da ya zurara ta gefe ya shiga lensi shi ke sa hoto ya yi fari-fari kamar an ɗauka cikin hazo.

Kyamara ta kalli ƙasa, a kafe ta a kan ƙafa uku. Dole fuskarta ta yi daidai wa daida da silaid, domin a wannan kusanci abin da ke cikin fokas bai wuce kaurin 'yan takardu ba. Dabarar da nake yi ita ce in kwantar da ƙaramin madubi a inda silaid zai zauna, in duba allon kyamara. Idan na ga bakin lensin kansa ya zauna cif a tsakiya, an daidaita. In ya karkata, sai in gyara ƙafar har ya dawo.

Saitin ba shi da yawa: ISO mafi ƙasa, galibi 100, ƙofar haske f/8, a ɗauka a RAW (fayil ɗin hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), a yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓa maɓalli ya girgiza kyamara. Kafin ka fara, ɗauki hasken shi kaɗai ba silaid, ka saita farin launi a kansa, ka bar shi haka har ƙarshe. Wajen fokas, ƙara girman hoton a allo har ka ga 'yan ƙwayoyin fim kamar yashi, ka saita a kansu. Silaid yana da baƙi mai zurfi, saboda haka hoton da ya haɗa farar riga da inuwa mai duhu, ɗauke shi sau biyu ko uku da haske daban-daban, ka haɗa daga baya. Manhajojin gyaran hoto Darktable da RawTherapee kyauta ne, kuma sun isa wannan aiki.

Ɗauki silaid ɗaya ka karkata shi gefen taga. Fuska ɗaya tana sheƙi, ɗayar ba ta yi. Marar sheƙin ita ce mai ɗauke da hoton, kuma ita ce mai saurin rauni. Idan Kodachrome ne, wato wani nau'in fim ɗin silaid na kamfanin Kodak, za ka ga zanen hoton ya ɗan taso a wannan fuskar kamar an yi masa tambari. Idan mai sheƙin ta kalli kyamara, rubutu zai fito daidai, ba a juye ba.

Ina fata yawancin na Baba Kodachrome ne. Kodak ta fito da shi a 1935, ta daina yin sa a 2009, kuma an san shi da riƙe launi idan ya zauna a duhu. Tsohon Ektachrome da wasu irinsa su ne sukan koma ja-ja ko ruwan hoda. Waɗannan ka fara da su, domin su ne ke kan hanyar tafiya. Ana iya dawo da mafi yawan launinsu daga RAW.

Maganar ƙura kuwa, kai da ke Zariya ba sai an faɗa maka halin hunturu ba. Wasu sikanoni suna da hanyar goge ƙura daga hoton da kansu, kyamara ba ta da ita, don haka kowane silaid a hura masa iska da robar nan ta masu gyaran kyamara kafin a ɗauka. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga. Idan ka ga wani zare-zare kamar saƙar gizo a jikin fim, fumfuna ce da laimar damina ta kawo. Ina roƙonka kada ka sa masa ruwa, domin inda fumfuna ta ci, ruwa yana iya narkar da hoton gaba ɗaya. Kwafe shi yadda yake, ka ware shi daga sauran.

Kwalin ma ka ɗauke shi da waya. Kodak kan buga wata da shekarar wankin hoto a jikinsa, kuma wataƙila Baba ya rubuta sunan gari ko na aboki da biro. Ka ba kowane silaid lamba, lambar ta zama sunan fayil ɗinsa. Ajiye kwafi a wuri biyu, ka mayar da na asalin cikin akwati a busasshen wuri mai sanyi da duhu, kada a zubar. In Hajiya ko ƙannen Baba suna raye, fara da hotuna ashirin, ka kai musu a waya, ka riƙe biro da takarda kana rubuta sunayen da za su kira.