Amsoshin tambayoyinku: wane tushe ya dace da dalma, uraniyom da zaiba a lissafin sinadarai na kwamfuta?

Tambaya daga wani ɗalibin Master a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi: "Ina nazarin yadda dalma ke maƙalewa a gawayin ɓawon gyaɗa. Na saka B3LYP/6-31G(d), manhajar ta tsaya tana cewa babu tushe ga Pb. Abokina ya ce in ba dalma LANL2DZ in huta. In bi shi?"

Ƙanena, manhajar ta yi gaskiya. Tushe (basis set) shi ne jerin sifofin lissafi da manhaja ke zana gajimaren elektiron na kowane atam da su. Tushen 6-31G(d) bai wuce kirifton ba, lamba 36 a jadawalin sinadarai, ita kuwa dalma, wato Pb, lambarta 82. Shawarar abokinka za ta sa lissafin ya tashi, amma ba mu so ka ɗora kundinka a kanta. Hay da Wadt suka fitar da wannan tsari na LANL2DZ a Los Alamos tun 1985, lokacin da kwamfuta ba ta da ƙarfi. A dalma yana ɓoye elektiron 78 cikin ECP, wato madadin da ke tsayawa a gurbin elektiron na ciki, ya bar 4 kaɗai a fili. Kai kuma Pb2+ kake lissafawa, saura 2 ke nan. Ɓawon 5d, wanda ke lanƙwasa idan oksijin na kaboksil ɗin gawayin ya matso, an daskare shi. Tushen kuma ƙarami ne, babu ƙarin d da ke ba gajimaren elektiron damar karkata gefe guda. Abin da kan biyo baya shi ne tsawon haɗin Pb–O ya kauce, ƙarfin maƙalewa kuma ya kumbura, domin kowane ɓangare na aron tushen maƙwabcinsa don cike gibinsa.

Ɗauki dangin def2 na Weigend da Ahlrichs, na 2005. Ya kama daga haidirojin har radon, kuma daga rubidiyom, lamba 37, yana zuwa da ECP ɗinsa. A dalma ana ɓoye 60, a bar 22. A kadmiyom da aidin ana ɓoye 28. Gyaran dangantaka na Einstein, wanda ba a iya tsallakewa a waɗannan atam masu nauyi, yana cikin ECP ɗin tun daga gini. Ka daidaita siffa da def2-SVP idan gawayin naka na da atam da yawa, ka lissafa mitocin girgiza don ka tabbatar babu mai alamar ragi, sannan ka sake lissafin makamashi da def2-TZVP a kan wannan siffar. Inda akwai kaboksilet mai cajin ragi, def2-TZVPD ya fi, saboda elektiron ɗin nan na bazuwa nesa da atam. Ka ƙara gyaran D3(BJ), na ɗan jan da ke tsakanin atam ko da ba su da haɗi, ka kuma yi gyaran Boys da Bernardi ka ga nawa ne aron da muka ambata.

Wuri ɗaya da ɗalibai ke yawan faɗawa rami: kwaso tushen dalma daga shafin intanet na Basis Set Exchange a liƙa a manhajar Gaussian da kalmar Gen, a manta ECP. GenECP ake rubutawa, a liƙa sassan biyu. In ba haka ba, elektiron 82 za su cushe cikin tushen da aka ɗinka wa 22, kamar magidanci a rigar yaro, kuma wani lokaci lissafin kan kammala ba tare da ƙorafi ba. Buɗe fayil ɗin sakamako ka ƙirga elektiron da idonka. Kuma gawayi, dalma da haɗinsu duka su sha tushe iri ɗaya kafin ka debe wannan daga wancan.

Wata malama mai koyar da kimiyyar sinadarai ta rubuto: "Ina son lissafa uranil da kabonet, irin abin da ake samu a ruwan ƙasa wajen Arlit. def2-TZVP ya ƙi uraniyom. Me ya rage?"

Malama, def2 bai kai uraniyom ba, lamba 92. Hanya biyu ce. Ta farko ECP na Stuttgart mai ƙaramin ciki, ECP60MWB, wanda ke barin elektiron 32 a fili, har da 5f. Kada ki karɓi wanda ya tura 5f ciki, domin 5f na cikin haɗin U=O kansa. Ta biyu, lissafa elektiron duka da tushen SARC na Pantazis da Neese, tare da ZORA ko DKH, hanyoyin saka gyaran dangantaka kai tsaye a lissafi. A manhajar ORCA layin farko zai ɗauki PBE0 ZORA ZORA-def2-TZVP SARC/J, sannan a sashen %basis ki ba U tushen SARC-ZORA-TZVP. Tushen da aka gina don ZORA da ZORA yake tafiya, na DKH da DKH2, kuma ba a haɗa ZORA da ECP a lissafi ɗaya. Wannan ka'ida ba ta da sassauci.

Gwajin farko mai sauƙi ne: uranil ɗin, wato O=U=O, ya fito a miƙe ko kusa da haka, tsawon haɗin wajen angistirom 1.8. Ki saka ruwa a lissafin da CPCM ko SMD, don haɗin uranil da kabonet uku na ɗauke da caji 4 na ragi, kuma a sarari babu ruwa sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Uranil na U(VI) ba shi da elektiron a 5f ban da na haɗin U=O, shi ya sa yake da sauƙin kai. Idan kika sauka zuwa U(V) ko U(IV), tasirin sipin da obit, wato cuɗanyar juyin elektiron da kewayawarsa, ya shigo, kuma ECP na yau da kullum ba ya ɗauke da shi.

Wani ya tambaya a taƙaice ko def2 zai ba shi NMR, wato awon maganaɗisun ƙwayar atam, na zaiba 199. A'a. NMR na auna abin da ke faruwa daf da ƙwayar atam, wurin da ECP ya share. Sai tushe mai elektiron duka, da ZORA ko X2C, da sipin da obit a ciki.

Ta ƙarshe daga shugaban wani ƙaramin rukunin bincike: "Kuɗin da muka samu ba su da yawa. Lasisin Gaussian za mu saya ko kwamfuta?"

Malam, kwamfuta. ORCA kyauta ce ga masu binciken jami'a, tana ɗora ECP na def2 da kanta, kuma duk abin da muka faɗa a sama tana yin sa. Ku sayi ta tebur, domin ta hannu na rage gudu da kanta idan ta yi kwanaki tana aiki cikin zafin Afrilu da Mayu na Maradi. Ku nemi ƙwaƙwalwar RAM giga 32, furosesa mai ƙwaya 8 na gaske, da faifan SSD. Katin zane mai tsada ba zai taimake ku a nan ba. Kuɗinsa su tafi ga batir mai riƙe wuta. A ORCA, %maxcore, wato iyakar RAM da megabait, na kowace ƙwaya ne, kuma manhajar kan zarce abin da aka ba ta, don haka ku ba ta kashi 75 cikin 100: da giga 32 da ƙwaya 8, ku rubuta 3000. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar daidaita siffa, ku ɗauki siffar ƙarshe daga fayil ɗin xyz, ku karanto obital daga fayil ɗin gbw da MORead, ku ci gaba daga inda aka tsaya.