Me ya sa ba a fahimtar zanen alƙaluman da nake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce nake haɗa rahoton alƙaluma a wurin aikinmu duk bayan wata uku. A rahoton da ya wuce na yi zanen da'ira mai yanka 12, kowane yanki da launinsa, na kuma ba shi kauri irin na 3D don ya ƙayatar. Da aka haska shi a taro, sai aka yi ta tambayata wane sashe ne ya fi yawa. Wani abokin aikina ya ce in bar Excel in koma wata manhaja ta zamani. Wani kuma ya ce in yi zanen sanduna, amma kada in fara daga sifili, don bambancin ya fito sosai. Shawarar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar farko ba za ta magance miki komai ba. Ta biyun kuwa rabinta daidai ne, rabinta haɗari.

Tambayar da aka yi miki a taron ita ce ta tona matsalar. Mutane suna son sanin wane sashe ya fi wane, ke kuma kin ba su siffar da ido ya fi shan wahalar yin wannan awo da ita. A shekarar 1984 wasu masana lissafi biyu a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada yadda mutane ke kimanta adadi daga zane. Sun gano cewa mutum ya fi cankar daidai idan yana kwatanta sanduna da suka tashi daga layi ɗaya, fiye da idan yana kwatanta yankan da'ira. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A sanduna, duba kawai za ki yi ki ga wadda kanta ya ɗara. A da'ira sai kin auna buɗewar kusurwa, ga shi kowane yanki ya fuskanci wani gefe dabam. Yankin da ke da kashi 9 cikin ɗari da mai kashi 11, in ba maƙwabta ba ne, kusan babu mai bambance su da ido. Kaurin 3D ɗin nan kuma ya ƙara dagula lamarin, domin idan aka kishingiɗar da da'ira, yankan da ke gaba sukan yi kamar sun fi na baya girma ko da adadinsu ɗaya.

Ba wai da'ira haramun ba ce. William Playfair, ɗan Sikotilan ɗin da ya fitar da zanen sanduna a 1786, shi ne dai ya zo da na da'ira a 1801. Tana da amfani idan yankan biyu ne ko uku, kuma abin da ake son nunawa shi ne cewa wani abu ya kai rabi ko ya cinye kashi uku cikin huɗu. Da zarar yankan sun yi yawa, ta tashi aiki.

Akwai wani tsohon zane da nake so ki nema ki kalla, saboda shi ma da'ira ce mai yanka 12 kamar taki, amma ya yi tasiri. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ce ta fitar da shi a 1858, kan mace-macen sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya. Kowane yanki wata ɗaya ne na shekara, kusurwarsu duk daidai take, abin da ke canzawa shi ne nisan da yankin ya miƙe daga tsakiya. Launi uku kacal ta yi amfani da su: shuɗi ga waɗanda cututtukan da ake iya kaucewa suka kashe, ja ga waɗanda raunin yaƙi ya kashe, baƙi ga sauran dalilai. Shuɗin ya mamaye takardar. Ko wanda bai iya lissafi ba zai gane cewa cuta ta fi harsashi kashe sojojin. Ta san maganar da take son faɗa wa mahukunta tun kafin ta ɗauki alƙalami, shi ya sa launinta bai wuce uku ba. Launi 12 kuwa yawanci alama ce ta cewa mai zanen bai yanke shawarar abin da zai nuna ba tukuna, ya bar wa mai kallo aikin.

Saboda haka kafin ki buɗe kwamfuta, ki rubuta jimla ɗaya a takarda. Misali: sassa uku ne suka ɗauki fiye da rabin kuɗin da aka kashe. Wannan jimlar ita za ta zama kanun zanen, maimakon kanu irin "Kashe kuɗi bisa sassa" wanda bai gaya wa kowa komai ba. Sai ki jera sanduna 12 a kwance, daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, sunan kowane sashe a gefensa, adadinsa a ƙarshen sandar. Ukun da kike magana a kansu ki ba su launi ɗaya mai ƙarfi, sauran taran ki bar su ruwan toka. Akwatin nan da ke gefe mai bayanin launuka ki goge shi, tunda sunayen suna jikin sandunan. Duk wannan Excel yana yi.

Yanzu ga batun sifili, inda na ce akwai haɗari. A ce sashe ɗaya ya samu 96, ɗayan 100. In kika fara ma'aunin daga 95, sandar farko za ta tashi taki ɗaya, ta biyu taki biyar. Mai kallo zai ga ninki biyar, alhali tazarar ba ta wuce 4 cikin 100 ba. Babu adadin da kika canza, amma kin yaudari ido, domin tsawon sanda shi ne saƙonta. Idan bambancin ƙarami ne, to ƙarami ne, ki bar shi ya fito haka. In kuma ƙaramin bambancin yana da muhimmanci, sai ki zana bambancin shi kansa, wato nawa kowane sashe ya ƙaru ko ya ragu daga zangon baya. Zanen layi ne aka yi wa sassauci a wannan doka, saboda shi hawa da sauka yake nunawa. Likitan da ke bin zafin jikin majinyaci tsakanin digiri 37 da 39 ba zai fara daga sifili ba, in ya yi haka layin zai kwanta kamar babu abin da ke faruwa.

Kan launi, ki guji dogara da ja da kore kaɗai don raba mai kyau da marar kyau. Akwai mutane da yawa, akasari maza, da ba sa bambance su sosai. A cikin 'yan asalin arewacin Turai abin yana shafar kusan namiji ɗaya cikin 12. Gwaji mai sauƙi shi ne ki buga zanen baƙi da fari. In har yanzu ana gane shi, ya tsira.

Manhajoji irin su Tableau, Power BI, Datawrapper da Flourish suna da kyau, ba na raina su. Suna ba da damar zane mai motsi, ko wanda mai karatu zai taɓa ya ga ƙarin bayani. Hans Rosling, likita ɗan Suwidin, ya yi fice a 2006 da ƙwallaye masu yawo a allo, kowanne yana wakiltar ƙasa. Amma motsin nasa yana da ma'ana: shekaru ne ke wucewa, ana ganin ƙasashe suna gusawa ta fuskar lafiya da yawan haihuwa. Motsin da ba ya ɗauke da wani bayani girin-girin ne kawai. Kuma ki tuna cewa da yawa daga cikin masu karanta rahoton a waya za su buɗe shi, inda allon ƙarami ne kuma ba kowa ke da haƙurin latse-latse ba. Abin da kike so kowa ya gani kada ki ɓoye shi sai an taɓa.

Kafin taro na gaba, ki nuna wa wani da bai san aikin ba zanen na ɗan daƙiƙoƙi, ki rufe, ki tambaye shi me ya gani. In abin da ya faɗa ya yi kusa da jimlar da kika rubuta a takarda, ki tafi da shi. Masu kula da kuɗi kuma za su nemi ainihin adadin kowane sashe har ɗigo, su ki ajiye musu cikakken jadawalin lambobi a shafin ƙarshe na rahoton.