Me yasa bayanan Linux basa magana akan laftof ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na cire Windows na saka Ubuntu a laftof ɗina, komai ya hau lafiya amma waifai baya kamawa, kuma idan na rufe murfin na buɗe sai allon ya tsaya baƙi ƙirin. Na duba bayanan da suka rubuta babu inda aka ambaci irin laftof ɗina, umarnin da na samo a intanet kuma ina sakawa yana cewa babu shi. Dama haka abin yake ko nine ban iya nema ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa ba kai kaɗai bane, giɓin yana nan da gaske, amma kuma yadda kake neman ma akwai gyara.

Abin da muke kira Linux ba kamfani ɗaya ke yinsa ba. Kernel, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan cikin kwamfuta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 daban, masu GNOME da ke zana maka allo daban, masu NetworkManager da ke kula da waifai daban, su kuma Canonical aikinsu su tattara su haɗa su kira shi Ubuntu. Kowa yana rubuta bayanin ɓangarensa, wasu ma sun rubuta da kyau sosai, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin ya zauna ya rubuta yadda duk waɗannan zasu zauna lafiya a cikin laftof ɗinka kai, wanda ya kamata yayi hakan shine wanda ya ƙera na'urar, shi kuma galibi da Windows ya gwada ya rufe kwali ya tura kasuwa. Shi yasa masu kwamfutar tebur basu cika kuka ba, su babu murfi babu batir babu na'urar karanta yatsa, sau da yawa ma waya suka jona ta intanet shikenan.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shine nema da sunan laftof. Sunan nan baya nufin komai a wajen Linux, domin laftof biyu masu suna ɗaya lamba ɗaya zaka iya buɗe su ka tarar ɗaya katin waifai na Intel ne ɗaya na Realtek, ya danganta da abin da masana'anta ta samu lokacin haɗawa. Kamar kaje wajen mai sayar da kayan gyaran mota ne kace masa motarka ja ce, lambar inji zai tambayeka. Ka buɗe terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta lspci -nnk, ka nemi layin da aka rubuta Network controller, a ƙarshensa akwai lambobi kashi biyu, na farko shine kamfanin: 8086 Intel, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom. Da wannan lambar gaba ɗaya zaka yi bincike. Ka duba ƙasan layin kuma ko akwai Kernel driver in use, in babu to direba, wato manhajar da ke sa katin yayi aiki, ce bata hau ba. Na Intel yawanci basa bada wahala. In Broadcom ne, da yawansu sai an saka direbar kamfanin, ka jona wayarka da kebul ka bashi data ta nan, ka shiga Additional Drivers ka zaɓa.

Akwai wani wuri anan da bayanai da yawa suke tsallakewa kuma yana ban haushi wallahi. In Secure Boot, wato tsaron da ke hana manhajar da ba a tantance ba hawa, a kunne yake, direbar da aka haɗa a kan na'urarka bazata hau ba sai an yi mata rajista, zai nemi ka saka kalmar sirri, in ka sake kunnawa wani shuɗin allo zai fito da Enroll MOK, mutane suna ganinsa su tsorata su danna wucewa, daga nan direba tana ciki amma bata aiki kuma babu abin da zai faɗa maka dalili.

Batun umarnin da yake cewa babu shi kuwa, tsufa ne. Ubuntu na fitowa duk wata shida, lambarsa ma kwanan wata ce, 24.04 na nufin Afrilun 2024, kuma abubuwa suna canjawa a ƙarƙashi. Ina zargin ifconfig aka baka, an daina saka shi tun tuni, ip a ake amfani dashi yanzu. Saitin netwok ya koma netplan tun 17.10, sauti ya bar PulseAudio ya koma PipeWire a 22.10, allo ya koma Wayland wanda yasa dabarun xrandr, tsohon umarnin saita allo, da yawa suka daina ci. Rubutun 2014 baiyi ƙarya ba a zamaninsa, kawai babu wanda ya dawo ya goge shi ne, kuma shi injin bincike yake fara kawowa saboda ya daɗe ana danna shi. Don haka kafin ka kwafi komai duba shekara da lambar sigar, musamman in da sudo a gaba, don shi ke ba umarni ikon canza komai a tsarin.

Na murfin ya fi wuya gaskiya. Rubuta cat /sys/power/mem_sleep, zaka ga s2idle ko deep ko duka biyun, wato nau'o'in barcin da laftof ke shiga in an rufe murfi, wanda aka kewaye da [ ] shine ke aiki. Sabbin laftof da yawa s2idle kaɗai suke dashi, tsofaffin bayanai kuma duk akan deep aka gina su. In katin hotonka Nvidia ne shima abin zargi ne. Bayan ya maƙale ka kashe ka kunna, ka rubuta journalctl -b -1 -e ka ga abin da ya faɗa na ƙarshe kafin ya mutu.

Ni a ganina Arch Wiki, shafin bayanan wani nau'in Linux mai suna Arch, yafi bayanan Ubuntu kansu zurfi akan irin waɗannan, ka karanta don ka gane matsalar, amma kar ka kwafi umarnin saka manhaja, su pacman suke dashi kai apt. Shafukan man kuma, wato bayanan umarni da ke fitowa in ka rubuta man a terminal, don tunatar da wanda ya riga ya sani aka rubuta su, kar kaji komai in basu shige ka ba.

Ka turo min sigar Ubuntu ɗinka, sakamakon uname -r, da layin nan na lspci, in katin bai fito a ciki ba ka haɗa da na lsusb don wasu ta nan suke bayyana.