Bitamin D zai iya maye gurbin allurar kansar furostet?

Tambaya: Mahaifina ɗan shekara 68 yana karɓar allurar Zoladex duk bayan wata uku saboda kansar furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji). An ce mana bitamin D yana daidaita sinadarin maza, har wasu na cewa ya bar allurar ya koma shan sa. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Gwale, Kano.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah, ɗan'uwa, kada ya bar allurar nan. Wannan kansar da sinadarin maza, wato testosteron, take girma, kuma tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa idan aka rage shi, ƙarin yakan lafa. Aikin da allurar take yi ke nan, bitamin D kuwa ba ya yin sa.

Amma maganar tana da tushe. Fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta mayar da shi kalsitiriyol, wanda shi kansa homon ne, wato sinadari mai kai saƙo a jiki. Ƙwayoyin furostet suna da wurin karɓarsa, kuma a ɗakin gwaji yana rage musu saurin yaɗuwa. Matsalar ita ce ƙarin yakan yawaita wani sinadari, CYP24A1, mai lalata kalsitiriyol ɗin, sannan adadin da zai yi tasiri yana cika jini da kalsiyam. Da aka haɗa kalsitiriyol mai ƙarfi da maganin kansa na docetaxel a wani bincike mai suna ASCENT-2, dakatar da shi aka yi a 2007 saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren masu shan kalsitiriyol ɗin. Binciken VITAL a Amurka, mai mutum fiye da 25,000 da aka ba rabinsu bitamin D IU 2,000 kullum (IU ma'aunin bitamin ne), shi ma bai nuna raguwar kamuwa da kansa ba.

Inda zai amfani Baba shi ne ƙashi, domin allurar tana zaizaye shi a hankali, har ɗan zamewa a banɗaki ya karya ƙugu. Kada zafin ranar Kano ya ruɗe ku: dattijon da ya wuni a zaure cikin babbar riga, ga baƙar fata, zai iya rasa isasshe. Ku roƙi likitansa gwajin bitamin D da na kalsiyam. Bitamin D ƙasa da nanogiram 20 a mililitar jini ƙaranci ne. Galibi ana ba da IU 800 zuwa 1,000 a rana, da kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200, har da na abinci irin su nono da zogale. Kada ya wuce IU 4,000 sai da umarnin likita. In kuka ga yawan ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida ko ruɗewa, ya daina shan bitamin D da kalsiyam ɗin, ku kai shi asibiti a ranar.